Shaidu Uku a Kan Laimar Ƙasa: Yadda Ake Tantance Awon Tauraron Ɗan'adam

A ce kana aiki a ofishin hasashen yanayi, ko kana rubuta kundin digiri, sai aka miƙo maka fayil daga tauraron SMAP. Fayil ɗin ya ce da asubar wata rana cikin Yuli, laimar ƙasa a wani yanki gabas da Yamai ta kai 0.11. Ma'ana, in ka auni mudu 100 na ƙasar wurin yadda take a kwance, mudu 11 ruwa ne. Aka tambaye ka ko za a dogara da wannan adadi. Yawancin masu farawa sukan nemo awon wata na'ura da aka binne a gona a yankin, su ɗora biyun a zane ɗaya. In sun yi kusa, tauraro ya ci jarrabawa. In sun yi nisa, ya faɗi. A nan aka bar gini tun ran zane, domin an naɗa na'urar gona alƙali, alhali ita ma shaida ce. Shaidun uku ne: tauraro, na'urar gona, da lissafin kwamfuta mai kwaikwayon yadda ruwa ke shiga ƙasa yana fita. Babu wanda ya ga abin duka a cikinsu. Aikinka shi ne ka gano wane ɓangare na saɓanin da ke tsakaninsu laifin wane ne.

Fara da sanin abin da kowane shaida ya gani

Tauraro ba ya ganin ruwa. SMOS, wanda hukumar sararin samaniya ta Turai ta harba a 2009, da SMAP na hukumar NASA ta Amurka da ya biyo baya a 2015, kasa kunne suke yi ga wani raunannen zango na rediyo da ƙasa ke fitarwa da kanta, a mita gigahaz 1.4. Jiƙaƙƙiyar ƙasa ba ta fitar da shi da ƙarfi kamar busasshiya, daga wannan bambanci ake lissafo laima. Zurfin da suke ji bai wuce santimita 5 na sama ba. ASCAT kuwa, na'urar da ke kan taurarin Metop tun 2006, ita ke jefa siginarta ta saurari amsa-kuwwa. Nata zurfin bai kai haka ba, santimita ɗaya ne zuwa biyu. Kuma ba ta ba da amsa da irin mudun su SMAP, kashi cikin ɗari take bayarwa, daga bushewa ƙarau zuwa ƙoshi da ruwa.

Sai faɗi. An yanka duniya gida-gida kamar na dara, kowane gida adadi ɗaya. Gidan SMAP na asali kilomita 36 ne tsawo da faɗi, wato hekta 129,600. Jigawa da fadama da fako da gari da kududdufi, duk an dama su an fitar da lamba ɗaya. Na'urar gona kuma ƙasar da take ji ba ta cika kwanon sha ba. Duk wanda ya yi damina a ƙasarmu ya san a kan sheƙa ruwa a ƙauye, na gaba da shi ko ɗigo bai samu ba. To in ruwan ya sauka a kan na'urarka kaɗai, za ta ce an jiƙe sharkaf, tauraro ya ce da sauƙi, kuma kowannensu gaskiyarsa ya faɗa.

Shaida na uku, lissafin kwaikwayo, shi bai taɓa ƙasa ba ko sau ɗaya. Ana ba shi ruwan sama da zafi da iska da irin ƙasa, ya lissafa abin da ya kamata ya rage. ERA5-Land na cibiyar hasashen yanayi ta Turai yana ba da adadi kowace awa, a gidaje masu kimanin kilomita 9, kuma shimfiɗarsa ta sama santimita 7 ce. GLDAS na Amurka tasa santimita 10 ce. Raunin irin wannan lissafi a Sahel shi ne hadari: ruwanmu na guguwa ne mai zuwa farat ɗaya, lissafin yakan sa shi a ranar da ba ita ba, ko ya yayyafa shi kaɗan-kaɗan. Bai kuma san noman rani ba. Manomin Kadawa zai yi ban-ruwa a Fabrairu, lissafi na nan yana cewa wurin ƙurmus ne.

Gyara naka ma'aunin tukuna

In kai ne mai na'urar gona, kada ka yarda da saitin da ta zo da shi daga kamfani. An yi shi ne da ƙasar wani wuri. Hanyar gwadawa tsohuwa ce, kuma har gobe ita ce madogara. Ka samo zoben ƙarfe da aka san cikinsa, a ce santimita 100 na cika. Ka kafa shi kusa da na'urar a zurfi ɗaya da ita, ka ciro ƙasar ba tare da ta zube ba, ka rufe a leda nan take, ka auna. Ka busar da ita a obin mai zafin digiri 105 na awa 24, ka sake aunawa. In da farko giram 168 ce ta koma 156, ruwan giram 12 ne. Giram ɗaya na ruwa santimita ɗaya ne na cika, saboda haka laimar 0.12 ce. Ka yi haka a rani, ka yi a tsakiyar damina, ka yi kwana biyu bayan ruwa, har ka tara maki daga bushewa zuwa jiƙa, sannan ka gyara saitin na'urar da su.

A rairayi babban abokin gaba shi ne iska. In an bar rata tsakanin yatsun na'urar da ƙasa, kullum za ta riƙa rage awo. Tono rami, ka soka ta a kwance cikin bangon da ba a taɓa ba, a santimita 5, ka mayar da ƙasa yadda ka same ta. Gara da ɓeraye da awaki kuma ba su san darajar waya ba, ka riƙa leƙawa.

Wanda ba shi da tasha tasa, akwai rumbun ISMN, wanda aka kafa a jami'ar fasaha ta Biyana a 2009, inda ake tara awon ƙasa daga duniya, kuma kyauta ake ɗauka. Da ka buɗe taswirarsa za ka ga Amurka da Turai sun cika maƙil, Afirka kuwa ɗai-ɗai. Mafi amfani gare mu su ne tashoshin AMMA-CATCH: na Nijar a yankin Fakara, irin su Wankama da Banizumbu da Tondikiboro, na Mali a wajen Hombori, da na arewacin Benin kusa da Jugu. Akwai kuma Dahra a Senegal da Demokeya a Kordofan ta Sudan. Yankin Fakara ya daɗe a hannun masu bincike, tun gwajin HAPEX-Sahel na 1992. Kafin ka yi amfani da kowace tasha, zana awonta duka ka duba da ido. Layin da ya miƙe sambal na wata uku a damina na'ura ce ta mutu. Wanda ya yi tsalle ba ruwan sama, wataƙila an sake binne ta ne.

Haɗa su a lokaci ɗaya da wuri ɗaya

SMAP da SMOS sukan ratsa wuri da misalin ƙarfe 6 na safe da 6 na yamma bisa agogon rana. Na safe aka fi yarda da shi, domin da asuba zafin ƙasa da na ganye sun kusa daidaita, lissafin kuwa a kan haka aka gina shi. Ka ɗauki awon gona mafi kusa da lokacin wucewar, kada tazarar ta wuce awa ɗaya. Ga wani ƙaramin tarko da ya kama mutane da yawa: fayil ɗin tauraro da agogon duniya na UTC yake, na'urar gona kuma sau da yawa an saita ta da agogon gida, wanda a Nijeriya da Nijar ya riga na UTC da awa ɗaya. A rairayin da ke shanye ruwa cikin sa'o'i, awa ɗaya ba wasa ba ce.

Daga nan sai tankaɗe. Kowane adadin tauraro yana zuwa da alamomin gargaɗi, ka karanta su. Zubar da ranakun da ake ruwa daidai lokacin wucewa. Zubar da waɗanda siginar na'urorin mutane ta gurɓata, domin ko da yake dokar duniya ta keɓe zangon megahaz 1400 zuwa 1427 don masu saurare kawai, ana samun masu kutse. Ka yi hattara da gidan da ruwa ke kwance a cikinsa: tafkin Chadi, dausayin Haɗeja da Nguru, madatsar Tiga. Ruwan fili yana sa tauraro ya ɗauka ƙasar gidan duka ta jiƙe. Amma ka rubuta nawa ka zubar da dalilin zubarwar. Wanda ya tankaɗe kashi 80 na awonsa ya zo da sakamako mai kyau, bai gwada tauraron ba, ya gwada rariyarsa ne.

In kana da tashoshi da yawa a gida ɗaya, kada ka haɗa su ka raba kawai. Uku a fadama ɗaya a jigawa, alhali gidan kusan duk jigawa ne, zai ba ka gida mai laimar ƙarya. Ba kowace tasha nauyi gwargwadon faɗin irin ƙasar da take wakilta. In tasha ɗaya ce tak, ka sani tun yanzu cewa ba za ka iya yanke hukunci kan ainihin yawan laimar ba. Abin da za ka iya gwadawa shi ne hawa da sauka.

Ma'aunai huɗu

Na farko karkata: matsakaicin tauraro a cire matsakaicin gona. Kamar mudun da aka bubbuga gindinsa ne, kullum yana rage awo daidai gwargwado. Na biyu RMSE, jimillar girman saɓani. Na uku ubRMSE, abin da ya rage na saɓanin bayan an cire karkata. In RMSE 0.05 ne karkata 0.03, ninka kowanne da kansa, ka sami 0.0025 da 0.0009, ka cire, saura 0.0016, tushensa 0.04. Wannan 0.04 shi ne mizanin da aka gindaya wa SMAP, a wuraren da ruwan jikin tsirrai bai wuce kilo 5 a murabba'in mita ba. Na huɗu R, wanda ke nuna ko biyun suna hawa tare suna sauka tare, daga 1 zuwa −1.

Da ASCAT, R ne kaɗai za ka iya lissafawa kai tsaye. Sauran sai ka juya kashinsa zuwa mudun sauran, ko ta ninkawa da yawan ƙofofin ƙasar, ko ta daidaita matsakaicinsa da faɗinsa da na gona. In ka bi hanya ta biyu, karkata ta zama sifili da hannunka, kada ka zo kana yabon tauraro da ita.

Tarkon damina da rani

Nan ne ya kamata mai aiki a Sahel ya fi tsayawa. A ce na ƙirƙiro tauraron ƙarya wanda ba shi da komai sai kalanda. Daga Nuwamba zuwa Mayu ya ce 0.02, daga Yuni zuwa Oktoba ya ce 0.08. Gwada shi da tashar jigawa na shekara uku. Zai iya fitowa da R mai ban sha'awa, domin ya san damina ta fi rani laima, abin da ɗan shekara biyar ma ya sani. Zai kuma iya tsallake mizanin 0.04, domin rairayi ba ya riƙe ruwa, duk kai-komon laimarsa a ɗan ƙaramin fili yake, kuma wata bakwai a shekara babu abin da ke motsi. Mizanin da ke da wuyar cika a ƙasar laka, a rairayi kusan kyauta ne. Ni dai duk rahoton da ya ce tauraro ya cika 0.04 a Sahel bai faɗi faɗin kai-komon laimar wurin ba, ban ɗauke shi ya ce komai ba.

Maganin abu biyu ne. Na farko, raba shekara: lissafa na damina daban, na rani daban. Na biyu, cire al'adar lokaci. Ga kowace rana, ɗauki matsakaicin kwanaki 35 da ke kewaye da ita, ka cire daga awon ranar. Abin da ya rage shi ne labarin ranar ita kanta: an yi ruwa jiya, ko an yi kwana goma ba ɗigo. Yi wa tauraro haka, yi wa gona haka, sannan ka sake lissafa R. Kusan kullum zai sauka, kada hakan ya dame ka. Wannan R na biyu shi ne ke faɗa maka ko tauraron zai iya gane ruwan shuka, ko ya hango fari a tsakiyar Agusta. Tauraron kalanda a nan zai faɗi warwas.

Da ka raba shekarar, za ka iya cin karo da abin mamaki a awon ASCAT: a tsakiyar rani laima na hawa, R ya koma ƙasa da sifili. Ba kuskurenka ba ne. In ƙasa ta bushe ƙarau, siginar kan nutse ta daki tsakuwa ko dutsen da ke ƙarƙashi ta dawo da ƙarfi, lissafin ya fassara ƙarfin da laima. An san wannan a hamada da bakinta.

A damina kuma za ka ga tauraro yana bushewa da sauri fiye da na'urar gona bayan ruwa. Shi fatar ƙasa yake ji, wadda rana da iska ke fara lasa, ita kuwa tana santimita 5 a ciki. Yayyafi ma haka: tauraro ya motsa, na'urar ba ta san an yi ba.

Zaman shaidu uku

Shaidu biyu in sun saɓa, ba ka da hanyar sanin mai kuskure. In uku ne, akwai dabara. Ad Stoffelen ne ya fito da ita a 1998 don awon iskar teku, aka fara amfani da ita ga laimar ƙasa bayan shekara goma. Hikimarta ita ce, abin da ukun suka yi tarayya a kansa shi ne gaskiya, abin da ɗaya ya kaɗaita da shi kuskurensa ne. In ka kira su A da B da C, kuskuren A shi ne var(A) − cov(A,B) × cov(A,C) ÷ cov(B,C). Var shi ne girman hawa da saukar abu ɗaya, cov kuma gwargwadon yadda biyu ke hawa da sauka tare. Juya haruffan ka sami na B da na C. Daɗin abin shi ne ba a naɗa kowa alƙali ba, har na'urar gona za a gaya maka nata rabon, wanda ya haɗa da gazawarta wajen wakiltar gidan duka. Kuma inda babu tasha ko ɗaya, kamar yawancin ƙasarmu, ana iya zaman da taurari biyu da lissafin kwaikwayo.

Sharaɗin shi ne kada shaidu su haɗa baki. In biyu suna kuskure iri ɗaya, dabarar za ta ɗauki kuskuren gaskiya ne, ta wanke su ta ɗora wa na ukun. Saboda haka kada ka zaunar da SMAP da SMOS tare, kunnensu iri ɗaya ne. Zaɓi mai saurare ɗaya, mai jefa sigina ɗaya, da lissafi ɗaya ko tashar gona. Sannan ka binciki dangantakar ɓoye. ERA5 na cibiyar hasashen Turai yana shigar da awon ASCAT cikin lissafinsa, ba ya zama shaida a kansa. SMOS yana aron zafin ƙasa daga cibiyar hasashen Turai, SMAP daga lissafin NASA. Haɗaɗɗen kundin ESA CCI, wanda ya tattara taurari tun daga 1978, an daidaita mudunsa da GLDAS, don haka in ka ga karkatarsu kaɗan ce, ɗa ne ya yi kama da ubansa.

Ana son aƙalla ranaku 100 da ukun duk suka yi magana. Wani lokaci lissafin kan ba da kuskure ƙasa da sifili, abin da ba zai yiwu ba. Kada ka mayar da shi sifili ka wuce. Alama ce ko awon ya yi kaɗan, ko wani sharaɗi ya karye, ko ɗaya daga cikin ukun ba ya jin komai a wurin. Bar gidan fari a taswira, ka faɗi dalili.

Ba sai ka rubuta wannan duka daga farko ba. Manhajar pytesmo ta harshen Python tana da lissafin, dandalin QA4SM kuma yana yin gwajin ta intanet, abin da zai taimaki wanda kwamfutarsa ko layinsa ba zai ɗauki manyan fayiloli ba. Sai dai su ba za su raba maka damina da rani ba in ba ka nema ba.

Abin da za ka rubuta

Ranaku 300 ba shaidu 300 ba ne, domin laimar yau 'yar ta jiya ce. In za ka ba da iyakar tabbas, yi ta ɗibar awon dunƙule-dunƙule, na makonni a jere, kana maimaita lissafin, ka ga iya inda amsar ke yawo. Sau da yawa za ka tarar tauraron da ya sami R 0.62 da wanda ya sami 0.58 ba a iya raba su.

A rahoton, faɗi sunan kundin da lambar fitowarsa, domin ana sake lissafa su lokaci-lokaci kuma adadin kan canza. Faɗi wucewar safe ce ko ta yamma, zurfin na'urar gona, tashoshi nawa a gida, ranaku nawa suka tsira daga tankaɗe, da faɗin kai-komon laimar wurin kusa da ubRMSE. Sa zanen awon damina ɗaya cikakkiya tare da ruwan sama na kowace rana, mai karatu ya gani da idonsa. Ka kuma taƙaita hukuncinka ga inda ka gwada. Sakamakon Wankama na rairayin Fakara ne, bai hau kan baƙar lakar firgi ta bakin tafkin Chadi ba, bai kuma hau kan dazukan Jugu ba. Shi kuwa wanda ya tambaye ka game da 0.11 ɗin nan, in don shawarar shuka yake tambaya, gaya masa cewa wannan awon santimita 5 ne na sama, saiwar gero kuma ta fi haka nisa. Laimar da ke can ƙasa wani gwaji ne daban, da na'urorin da aka binne a zurfin rabin mita zuwa mita ɗaya.